Ayar takobi da maƙwabcinka Kirista: mu buɗe babin da muke tsallakewa

Mutum biyu ne suka fi kowa riƙe aya ta 5 ta Suratut Tauba a wannan zamani, kuma ba sa ga maciji da juna. Na farko shi ne mai wa'azin nan da ke ɗaga fassarar Alƙur'ani a gaban kyamara yana ce wa mabiyansa su yi hattara da Musulmin da ke sayar musu da waakye, wai littafinsa ya umarce shi ya kashe su duk inda ya same su, lokaci kawai yake jira. Na biyu murya ce da ke yawo a WhatsApp, da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin da bai nuna ba, tana gaya wa yaron Zango cewa malamansa matsorata ne, sun ɓoye masa ayar don su ci gaba da cin abinci a teburin gwamnati. Ka saurare su da kyau, za ka ji tafsirinsu ɗaya ne. Dukansu sun yarda ayar tana nufin kowane wanda ba Musulmi ba, a kowace ƙasa, har tashin kiyama. Bambancinsu kawai, ɗaya yana tsoratarwa da ita, ɗaya yana ɗaukar soja da ita.

Mu kuma da ke tsakiya, amsarmu ta kullum ita ce Musulunci addinin zaman lafiya ne, sai mu ja bakinmu mu yi shiru. Ni dai ina ganin wannan amsa ta daina isa. Fasto bai gamsu da ita ba, domin ya karanta ayar da idonsa. Yaronmu ma bai gamsu ba, domin shi ma ya karanta, kuma ya lura duk lokacin da ya tambaya sai a ce masa ya bar maganar. Wanda aka hana shi amsa a zaure zai je ya nemo ta a waya.

Maganar ba ta nesa ba ce. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen Ghana, Kiristoci kuwa sun haura kashi 70. Ke nan a Nima ko Aboabo ko Madina, mai gidan hayarka, nas ɗin da ta karɓi haihuwar matarka, direban trotro da ke kai 'ya'yanka makaranta, galibi ba Musulmi ba ne. A arewa kuma wuta tana bakin ƙofa. Côte d'Ivoire ta ga Grand-Bassam a 2016 da Kafolo a 2020, Togo ta rasa sojoji takwas a Kpekpakandi a watan Mayun 2022, Burkina Faso kuwa ba a magana. Daga Paga ko Bawku ko Hamile taku kaɗan ne ka tsallaka. Kuma tun 2015 muka ji labarin matashin da ya gama jami'ar KNUST a Kumasi ya bar gida ya tafi wurin ISIS. Ba ɗan jahilai ba ne, ba kuma yunwa ce ta kore shi ba. Hujja aka karanta masa, ya ga kamar ba ta da amsa.

To bari mu fara da abin da ba za a musa ba. Akwai ayoyin yaƙi a Alƙur'ani. Akwai Tauba 5, akwai Tauba 29 da ta yi maganar yaƙar wasu daga Ma'abota Littafi har su ba da jiziya, akwai Baƙara 191, akwai aya ta 4 a Suratu Muhammad. Annabi (SAW) ya jagoranci runduna, an yi Badar, an yi Uhudu, an yi Hunaini. Littattafan fikihu kuma duk suna da babin jihadi. Wanda ya ce wa Kirista babu waɗannan, ya yi ƙarya, kuma ranar da Kiristan ya gano, ba zai ƙara yarda da sauran maganarsa ba.

Tambayar ita ce: da wa ake yaƙin, saboda me, kuma wa ke da ikon ɗaga tuta?

Ɗauki Taubar kanta, ka karanta daga farkon sura maimakon ka faɗo a tsakiya. An shelanta waɗannan ayoyi a hajjin shekara ta 9 bayan hijira, Sayyidina Ali ne ya karanta wa jama'a. Magana ce kan yarjejeniyoyin da ke tsakanin Madina da ƙabilun mushirikan Larabawa, aka ba su wa'adin wata huɗu. Aya ta 4, wadda ke gaban ayar takobi kai tsaye, ta cire waɗanda suka riƙe alkawarinsu ba su taimaki kowa a kan Musulmi ba, ta ce a cika musu nasu har ƙarshen wa'adi. Aya ta 6, wadda ke binta kai tsaye, ta ce idan mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, ya ji maganar Allah, sa'an nan a raka shi har inda zai sami aminci. Ba a ce sai ya musulunta ba. Aya ta 7 ta ce muddin sun tsaya a kan alkawari a tsaya musu. Aya ta 13 kuma ta faɗi laifin waɗanda ake nufi: sun warware rantsuwarsu, sun yi niyyar korar Manzo, su ne suka fara. Wato ayar tana zaune ne a tsakanin katanga biyu, alkawari a gabanta, mafaka a bayanta. Mai son ya yi aiki da ita a kan maƙwabcinsa dole sai ya rushe duka biyun, kuma abin da fasto da mai muryar WhatsApp ke yi ke nan.

Sai su ce ai ayar takobi ta shafe duk ayoyin sassauci. Gaskiya ne wasu magabata sun faɗi haka, har aka ƙirga ayoyi sama da ɗari da aka ce ta nasahe. Amma wannan ra'ayi ne, kuma manyan malamai sun ƙi shi. Suyuɗi a cikin Itƙan ya tace ayoyin da aka nasahe a Alƙur'ani gaba ɗaya ya mayar da su wajen ashirin. Ɗabari, da ya zo kan aya ta 8 ta Mumtahana, wadda ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, ya yi watsi da maganar cewa an nasahe ta, ya ce ta haɗa mutanen kowane addini. Ka kuma yi tunani da kanka: idan an shafe duk wata mu'amala ta alheri, yaya Ma'ida 5, wadda tana cikin na ƙarshen sauka, za ta halatta cin yankan Ma'abota Littafi da auren matansu? Mutum zai auri mace, surukansa su zama kakannin 'ya'yansa, sa'an nan a ce jininsu halal ne gare shi?

Ayar da ta fara ba da izinin yaƙi ma, Hajji 39 da 40, dalilin da ta kawo shi ne zalunci da korar mutane daga gidajensu, kuma cikin wuraren ibadar da ta ce ana karewa daga rushewa ta ambaci na Kiristoci da na Yahudawa kafin ta ambaci masallatai. Baƙara 190 ta ɗaure yaƙin da waɗanda ke yaƙarmu, ta hana ƙetare iyaka. Anfal 61 ta ce idan sun karkata ga sulhu a karkata. Nisa'i 90 ta ce waɗanda suka janye suka miƙa zaman lafiya, Allah bai ba da wata hanya a kansu ba.

Hadisin da aka fi jawowa shi ne na 8 a Arba'una, wanda duk ɗan makarantar allo da ya taɓa littafi ya haddace, inda Annabi ya ce an umarce shi ya yaƙi mutane har su yi shahada. Hadisi ne ingantacce, yana Buhari da Muslim, babu mai ja. Amma su waye mutanen? Ibnu Hajar a Fathul Bari ya jero amsoshi, cikinsu har da cewa lafazi ne gamamme da ake nufin wasu keɓaɓɓu da shi, kuma akwai ruwayar Nasa'i da ta ce mushirikai. Aikin Annabi da kansa ya raba gardama: ya yi sulhu da Kiristocin Najran suka zauna a kan addininsu, ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Wanda aka umarta ya yaƙi kowa da kowa ba ya cin bashin hatsi a hannun wanda ya kamata ya yaƙa.

Yanzu ga wurin da nake so malamanmu su daina kauce wa. Fikihun da muka gada bai tsaya a kan kare kai kaɗai ba. Malaman zamanin daulolin Umayya da Abbasiyya sun raba duniya gida biyu, ƙasar Musulunci da ƙasar yaƙi, kuma sun halatta wa sarkin Musulmi ya fita da runduna zuwa ƙasar da babu alkawari tsakaninsa da ita, ya kira su zuwa Musulunci, in sun ƙi su ba da jiziya, in sun ƙi a gwabza. Wannan yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilimi daga Kumasi har Kano. Yana nan, kowa zai iya buɗewa. Sun rubuta haka ne a duniyar da asalin hulɗa tsakanin dauloli yaƙi ne sai in an ƙulla sulhu. Rumawa da Farisa ma haka suke yi, wanda bai kai hari ba za a kawo masa. Duk da haka sun yi saɓani kan dalilin yaƙin. Ibnu Rushd ya kawo saɓanin a Bidayatul Mujtahid: shin kafirci ne ke halatta kisa, ko kuwa ɗaukar makami? Mafi yawa, har da Malikawa da Hanafawa, sun tafi a kan cewa faɗan ne dalili, shi ya sa ba a taɓa mace da yaro da tsoho tukuf da mai bauta a ɗakin ibadarsa. Akwai ƙauli a mazhabar Shafi'i da ya ce kafircin ne. Ba na ɓoye shi, amma ba shi ne na jumhuru ba, kuma ko shi bai ba wa ɗaiɗaikun mutane wuƙa ba.

Domin babin nan na Risala da ya halatta yaƙi, shi ne kuma ya ce ana yinsa ne a bayan shugaba, ba a kashe wanda aka ba aminci, ba a warware alkawari, ba a kashe mata da yara, ana kauce wa malaman coci da na Yahudu sai in sun yi faɗa. Har ya ce amincin da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar yana ɗaure sauran, ko mace ce ta bayar. Kuma ba a fita sai da izinin iyaye, sai fa in abokan gaba ne suka afko wa gari. Ka ɗauki waɗannan sharuɗɗa ka auna abin da aka yi a Dablo ta Burkina a watan Mayun 2019, inda aka shiga coci ana tsakiyar ibada aka kashe fada da mutum biyar. Wane shugaba ne ya ɗaura tutar? Wane kira aka yi? Wa ya ɗauki makami a cikin masu addu'ar? Ko da littafin da suke ikirarin bi aka yi musu hukunci, sunan aikinsu hiraba, fashi da ta'addanci, kuma hukuncin mai hiraba yana cikin mafi tsanani a shari'a.

Sa'an nan duniyar da aka rubuta wancan babi a cikinta ta canja. Daular Usmaniyya da kanta ta soke jiziya a shekarun 1850. Yau kusan babu ƙasar Musulmi da ba ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ba, wato kowa yana cikin alkawari da kowa. Malamai irin su Mahmud Shaltut da Muhammad Abu Zahra da Wahba Zuhaili sun yi rubutu mai yawa a ƙarnin da ya wuce suna nuna asalin hulɗa da wanda ba Musulmi ba zaman lafiya ne, rabon duniya gida biyu kuma ijtihadi ne na zamaninsa, babu shi a aya ko hadisi da wannan suna. A watan Satumban 2014 malamai sama da 120 suka rubuta wa Bagadadi buɗaɗɗiyar wasiƙa suna warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, a Janairun 2016 kuma aka fitar da sanarwar Marrakesh ƙarƙashin Shaihu Abdullahi bin Bayyah, Bamalike ɗan Muritaniya, wadda ta ɗauki takardar Madina a matsayin tushen zama ɗan ƙasa ɗaya da wanda ba addininku ɗaya ba. Nawa ne cikin limamanmu suka taɓa karanta wa jama'a ko shafi ɗaya na waɗannan da Hausa?

Amma mu a nan, ko ba a je ga malaman zamani ba, tsohon fikihun ya gama da mu. Matsayinmu a Ghana matsayin masu alkawari ne. Kana riƙe da Ghana Card, kana zaɓe, kana kai ƙara kotu, tsarin mulkin 1992 ya ba ka 'yancin addini, gwamnati tana ba da hutun sallah ƙarama da babba, ana kiran salla da lasifika a tsakiyar Accra, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da aka buɗe a 2021. Wannan shi ne aminci, kai ka ba su, su sun ba ka. Malamai irin su Shafi'i a Al-Umm da Ibnu Ƙudama a Mugni sun ce Musulmin da ya shiga ko da ƙasar da ake yaƙi da ita ne, in da aminci ya shiga, haramun ne ya ci amanarsu a jini ko dukiya. To ina ga ƙasar da aka haife ka, aka binne kakanka?

Akwai labarai biyu da nake mamakin yadda ba a cika jin su a wa'azi ba. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun faɗa hannun Ƙuraishawa a hanyarsu ta zuwa Madina, aka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Suka iso ana shirin Badar, Musulmi ɗari uku da 'yan kai a gaban runduna ta kusan dubu, ana buƙatar kowane hannu. Annabi ya ce su koma, a cika wa mushirikai alkawarinsu. Yana cikin Sahihu Muslim. Na biyu, Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mutane, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sa'an nan ya zo Madina. Annabi ya karɓi musuluntarsa, ya ƙi taɓa dukiyar, domin ta yaudara ce. Anfal 72 ma ta kai matuƙa: ko Musulmi ne suka nemi taimako a kan wasu mutane, in akwai alkawari tsakaninku da mutanen nan, ba a karya shi. Wannan ita ce amsar mai cewa ai ana kashe 'yan'uwanmu a Gaza ko a wani wuri, don haka kowane Kirista abokin gaba ne. Zafin Gaza gaskiya ne, ni ma ina jinsa. Amma matar da ke sayar da kenkey a bakin layinku ba ita ta jefa bam ba, kuma hadisin Buhari ya yi alkawarin wanda ya kashe mai alkawari ba zai ji ƙanshin Aljanna ba.

Misalin zamanmu a Sira shi ne Habasha. Sahabbai sun yi hijira zuwa ƙasar sarki Kirista wajen shekara ta 615, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya tsaya a fadar Najjashi ya faɗi aƙidarsa game da Annabi Isa ba tare da ya rage komai ba, suka zauna shekaru cikin aminci, wasunsu ba su dawo ba sai shekarar Haibara, bayan Musulmi sun riga sun kafa daula a Madina. Ba su ƙulla wa masu masaukinsu makirci ba.

Kakanninmu a wannan yanki sun san wannan sarai. Wangarawa sun bi koyarwar Alhaji Salim Suwari, wadda ta ce Musulmi zai iya zama ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba muddin an bar shi da addininsa, shiriya ta Allah ce a lokacin da Ya so, aikin Musulmi shi ne ilimi da kyakkyawan hali. Da wannan suka zauna a Begho da Wa da Bonduku da Kumasi. Turawan Ingila da suka je fadar Asantehene Osei Bonsu a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi suna rubuta wa sarki wasiƙu, suna cikin masu ba shi shawara. Fataken Hausa na goro suka bi sawu ta Salaga, Zango ya tsiro, malamai irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, suka karantar da dubbai ba tare da sun ɗaga takobi ba. Ba na cewa tarihin duka fari ne. Mayaƙan Zabarma na Babatu sun yi ta kama bayi a ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, mutanen wurin ba su manta ba har gobe. Samori, da sunan Musulunci a bakinsa, ya rusa Kong a 1897, garin malamai. Can baya kuma Magili ya tayar wa Yahudawan Tuwat a wajen 1492, alƙalin wurin, Asnuni, ya saɓa masa. Muhawarar tsohuwa ce a cikin gidanmu. Amma ka duba wace hanya ce ta bar mana masallatai a Kumasi, wace ce ta bar kufai da ƙiyayya.

Wani abin lura, wanda ya fara da halatta jinin Kirista ba ya tsayawa a nan. Ranar 25 ga Fabrairun 2024 aka kashe mutum 15 a cocin Essakane a arewacin Burkina. A ranar nan ɗin aka afka wa masallaci a Natiaboani da asuba aka kashe gommai. Babban limamin Djibo, Souaibou Cissé, sace shi aka yi a Agustan 2020 aka tsinci gawarsa. A Najeriya an tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, mutum sama da ɗari suka tafi, an kuma harbe Shaihu Albani Zariya da matarsa da ɗansa a farkon shekarar. Ƙofar kafirtawa in ta buɗe, kowa zai bi ta cikinta. Shehu Laminu na Borno ya ja hankalin Muhammadu Bello kan wannan tun farkon ƙarni na 19, a wasiƙun da suka yi musaya, yana tambayar da wace hujja ake mayar da mai salla kafiri saboda zunubi.

Sai maganar ɓatanci, wadda ita ce ta fi saurin kunna jama'a. Littattafanmu, har da Ashafa ta Alƙali Iyal, sun tsananta hukunci a kai, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma hukunci ne na alƙali, da shaidu, da tuhuma, da kare kai, a ƙasar da ke da wannan kotu. Taron matasa da duwatsu da taya ba kotu ba ne a kowace mazhaba. Abin da aka yi wa ɗalibar nan a Sakkwato a watan Mayun 2022 kisan kai ne, Sarkin Musulmi ma ya yi tir da shi. A Ghana kuwa hanyarmu ita ce ƙara, da Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, da ofishin Babban Limami. Rikicin hana azumi a makarantar Wesley Girls a 2021 ya ɓata mana rai ƙwarai, kuma ina cikin masu ganin har yanzu ba a ba 'ya'yanmu cikakken haƙƙinsu a makarantun mishan ba. Amma da takarda da lauya da zama a teburi ake binsa, kuma haka ya kamata.

Na san akwai masu ganin Shaihu Usman Nuhu Sharubutu ya wuce gona da iri da ya shiga cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ko da ya ba da sidi 50,000 ga ginin babban cocin ƙasa a 2021. Ana iya saɓa masa a kan kyautar, malamai sun yi ta magana, wannan fagen ijtihadi ne. Sai dai Ƙarafi, Bamalike, ya riga ya bambance a Furuƙ tsakanin son addinin mutum, wanda aka hana, da kyautata masa, wanda aka yi umarni da shi: tausasa wa rauninsu, ciyar da mai yunwarsu, kare mutuncinsu in ba sa nan. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a jihar Filato bai tsaya dogon bahasi ba a watan Yunin 2018. Ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye Kiristoci 262, ya tsaya a ƙofa ya ce wa maharan sai dai su fara da shi. Aya ta 6 ta Tauba ke nan a aikace, a hannun dattijon ƙauye.

Ga maƙwabtanmu Kiristoci da ke karanta wannan shafi, ko ake fassara musu: wanda ya ɗauko aya ɗaya ya yanke mana hukunci da ita, ya tuna littafin Joshuwa da na Sama'ila na ɗaya suna da surorin yaƙi masu nauyi, kuma ba mu ɗauka cewa mai zuwa coci ranar Lahadi yana shirin aikata su a kanmu ba. Kowace al'umma tana da hanyar karanta nassinta, a tambayi masu ita. Ga hukuma kuma, kamen Fulani a jimla da mayar da masu neman mafaka Burkina, irin wanda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koka da shi a Yulin 2023, kyauta ce ake miƙa wa masu ɗaukar yara. Babu abin da mai muryar WhatsApp ke so kamar hoton tsohuwa Bafulatana a bayan motar soja.

Amma babban aikin namu ne. A makarantunmu da yawa, in an zo babin jihadi a Risala ko Askari, sai malam ya ce wannan ba na zamaninmu ba ne, a juya shafi. Almajiri ya tashi ya san farillan alwala da sujadar ƙabli da ba'adi, bai taɓa jin kalmar mu'ahad ko musta'min ba, bai san hiraba ba, bai san sharaɗin shugaba ba. Ranar da wani ya karanta masa rabin babin, ba shi da sauran rabin da zai mayar masa. Ina roƙon majalisun malamai na Accra da Kumasi da Tamale, Tijjanawa da Ahlus Sunna duka, su sa wannan babi cikin karatun manya da na matasa, a karanta shi daga farko har ƙarshe, da Hausa da Dagbani da Twi, a bar yara su yi tambaya mai zafi ba tare da an kira su 'yan ta'adda ba. Masu tafsirin azumi kuma, in sun iso Tauba, kada su yi gudu. Su ba ayoyi goma sha biyar na farko dare guda cur, a ɗauka a waya, a yanka gajeru, a tura su cikin rukunonin da waccan muryar ke yawo. Wannan shafi zai buga duk amsar da wani malami ya rubuto kan abin da na faɗa, ko ta goyon baya ce ko ta raddi, muddin ya kawo littafi da babi.